Wai Don Me Mutum Ba Ya Iya Yi Wa Kansa Cakulkuli?

Jama'a, kada ku yi mini dariya, tambayar ba tawa ba ce. Ɗan wana ne ɗan shekara 5 ya yi mini ita, lokacin da na je ganin gida Zakirai bayan an gama zuba gero a rumbu. Uban ya tafi cin rani Legas. Kafin tafiyarsa, kullum bayan sallar isha'i sai ya ɗora yaron a cinya ya yi ta yi masa cakulkuli, har uwar ta leƙo ta ce, "Malam, za ka sa masa shaƙuwa fa."

Ran nan da daddare na tarar da shi a kan tabarma, ya cusa yatsu a hamata yana ta sosawa, fuska a murtuke. Ya ce, "Gwaggo, nawa ba ya yi. Ko Baba ya tafi da shi ne?"

Wallahi sai na rasa ta cewa. Da na koma Kano na shiga bincike, ashe tambayar ta tsufa, don Aristotal na ƙasar Girka ya yi ta fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Abin a ƙwaƙwalwa yake. Can wajen ƙeya akwai wani sashe nata wanda, tun kafin ka motsa hannu, ya riga ya san inda yatsa zai sauka da irin abin da fata za ta ji. Sai ya rage ƙarfin jin, tunda ba sabon labari ba ne. Rahama ce kuwa. Da ba don haka ba, mai noma ba zai bambance gogar rigarsa da tafiyar kunama a ƙafarsa ba.

A 1998 wata masaniya a Landan, Sarah-Jayne Blakemore, ita da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa suka nuna haka. A 1999 kuma suka yi wata dabara da ta burge ni: mutum ya motsa na'ura da hannu ɗaya, ita kuma ta shafi ɗaya tafin nasa da soso. In ta shafa nan take, ba ya jin komai na kirki. Amma in aka jinkirta ta da kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa, sai cakulkulin ya ƙaru. Kun ji, an yi wa ƙwaƙwalwa wayo, ta ɗauka hannun wani ne!

A daren dai ban san duk wannan ba. Janyo shi kawai na yi na kai masa hannu a ciki. Ya ƙyalƙyale har da birgima, can ya tsaya ya ce, "Ba haka Baba yake yi ba."

Uwar tana tankaɗe a bakin ɗaki, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Saura wata biyar ruwa ya sauka."