Finafinan Masu Kisan Gilla: Jini Ya Yi Yawa, Hankali Ya Yi Kaɗan

Duk wanda ke zama a rumfar kallo da dare, ko a Agege ko a Sabon Ibadan, ya san irin finafinan nan na Amurka inda mutum guda ke bin jama'a yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan sanda kuwa na ta kai da komowa kamar an ɗaure musu ido. Matasanmu suna son su ƙwarai. To, amma idan mutum ya natsu ya bi labarin da hankali, sai ya ga an mai da shi yaro.

Ga misali, fim ɗin Seven na shekarar 1995, wanda David Fincher ya shirya. Makashin yana hallaka mutane bisa manyan zunubai bakwai na koyarwar Kirista. Har akwai wanda ya ɗaure a kan gado shekara guda cur, yana biya masa kuɗin haya don kada mai gida ya leƙo. Amma ƙarshen shirin nasa duk ya rataya ne a wuyan wani ɗan sanda mai saurin fushi, wanda bai fi mako guda da kama aiki a birnin ba. To, jama'a, yaya aka yi mutumin da ya ƙulla abu tun bara ya san za a kawo masa wannan ɗan sanda, da matarsa, a daidai lokacin da yake bukata? Ko boka ne?

Na Saw kuwa, wanda aka fara a 2004, ya fi wannan ɗaure kai. Dattijo ne mai ciwon daji a ƙwaƙwalwa, amma shi ke ƙera tarkuna na ƙarfe da injuna waɗanda sai kamfani guda zai iya. Ya mutu a kashi na uku, a 2006, duk da haka aka ci gaba har kashi na goma a 2023. Labari ya ƙare tuni, abin da ya rage shi ne gasar yanka da sara, kowane kashi na neman ya fi na baya tayar da zuciya. Alhali kuwa Alfred Hitchcock ya firgita duniya da Psycho tun 1960, fim ɗin ba shi da launi ma, jinin da aka gani a wurin wanka ruwan cakulan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna makashi a matsayin gwani, mai ilmi, wanda ya fi kowa wayo, waɗanda ya kashe kuwa ko sunansu mai kallo ba ya riƙewa. Yaro ya kalla a waya, ya tashi yana sha'awar azzalumi.

Gaskiyar magana ba haka take ba. Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13 a arewacin Ingila, direban babbar mota ne kawai. Sau tara 'yan sanda suka yi masa tambayoyi suna sallamarsa, watau sakaci ne ya tsawaita kwanansa a waje, ba wayonsa ba. A watan Janairu na 1981 aka kama shi saboda lambar ƙarya da ya liƙa wa motarsa. David Berkowitz na birnin New York kuwa, takardar tara ta ajiye mota a inda aka hana ita ce ta tona masa asiri a 1977. Dennis Rader na jihar Kansas ya shekara 30 yana wasa da hankalin hukuma, sai a 2005 ya tambayi 'yan sanda ko za a iya gane shi idan ya aiko da saƙo a faifan kwamfuta. Suka ce a'a. Ya aika, suka tarar da sunan cocinsa da sunansa na fari a ciki.

Ko a nan kudu mun ga irin wannan. A 2019 aka riƙa tsintar gawarwakin 'yan mata a ɗakunan otal a Fatakwal, an shaƙe su. Babu tarko, babu wata almara. Na'urar ɗaukar hoto ta wani otal ce ta nuna fuskar Gracious David-West, aka kama shi a watan Satumba, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a 2020.