Matattu Masu Jan Ƙafa da Matattu Masu Gudu

Yana daga cikin al'adun masu sana'ar fim a ƙasar Amurka, idan wani fim ya shahara ya kuma tsufa, har waɗanda suka kalle shi da ƙuruciya suka fara furfura, sai wani kamfani ya sayi haƙƙinsa, ya nemo sababbin 'yan wasa da sabon mai ba da umarni, a sake ƙera labarin da kayan aikin zamani, domin a sayar wa 'ya'ya abin da aka riga aka sayar wa iyaye. Mai karatu ba baƙon wannan ɗabi'a ba ne, tun da ya sha ganin yadda masu fim na Kano suke ɗauko labarin Indiya su sa masa babbar riga da hula. A nan ina so in ajiye finafinai biyu masu suna ɗaya, Dawn of the Dead, wato wayewar garin matattu, na farko na shekarar 1978, na biyu na 2004, mu duba abin da na bayan ya riƙe da abin da ya zubar. Kafin nan ya wajaba in faɗi abin da kowane Musulmi ya sani, cewa mamaci ba ya tashi sai ranar da aka busa ƙaho. Abin da za mu tattauna ƙagaggen labari ne, kuma darajar ƙagaggen labari tana ga isharar da ke ƙarƙashin zahirinsa.

Asalin wannan halitta da Turawa ke kira zombi daga ƙasar Haiti yake, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka yi imani cewa boka na iya tayar da gawa ya sa ta bauta a gonar rake, ba hankali, ba magana, ba hutu. Amurkawa sun ji labarin a zamanin da sojojinsu suka mamaye ƙasar, daga 1915 zuwa 1934, har suka yi fim a kansa a 1932 mai suna White Zombie. Amma wanda ya raba gawar da boka, ya mai da ita annoba mai cin naman mutane, wadda ba ta da ubangida kuma ba ta kwantawa sai an fasa mata kai, shi ne George Romero na birnin Pittsburgh, a fim ɗinsa na 1968, Night of the Living Dead, wanda ya haɗa da kuɗin da bai kai dala 120,000 ba. Bayan shekara goma ya komo da wanda muke magana a kai.

Ga yadda ya tsara shi. Matattu sun tashi, hukuma ta ruɗe, malaman kimiyya suna ta musu a gidan talabijin na Philadelphia ba mai sauraron wani. Mutum huɗu suka tsere a jirgi mai saukar ungulu: Stephen matuƙin jirgin, da Francine ma'aikaciyar gidan talabijin wadda ke da juna biyu, da 'yan sanda biyu, Peter da Roger. Suka sauka a kan rufin wata katafariyar rufaffiyar kasuwa, irin wadda ake tara kantuna fiye da ɗari ƙarƙashin rufi ɗaya. Kasuwar kuwa ta gaske ce, tana garin Monroeville kusa da Pittsburgh, kuma da dare ake ɗaukar fim ɗin bayan an rufe kantuna, a tashi kafin masu sayayya su iso da safe, tun daga watan Nuwamba na 1977 har Fabrairun 1978, tare da dakatawa a lokacin Kirsimeti saboda kayan adon da aka rataye ko'ina. Dario Argento na Italiya ya taimaka wajen samo kuɗi, Tom Savini kuma, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Vietnam ya ga raunuka na haƙiƙa da idonsa, shi ya yi kwalliyar gawarwakin.

To, matattun Romero ba sa gudu. Suna jan ƙafa ne kamar wanda barci bai sake shi ba, suna tuntuɓe a kan matakala mai tafiya da lantarki, suna faɗawa cikin kwarmin ruwan ado, har mutum mai lafiya na iya ratsawa tsakaninsu da gudu yana ture su yana dariya. Kuma a ganina duk hikimar fim ɗin daga wannan nawar ta fito. Domin da yake maƙiyin ba shi da hanzari, mutanen huɗu sun sami sarari suka toshe ƙofofi da manyan motoci, suka kashe waɗanda ke ciki, suka mallaki kasuwar baki ɗaya, daga nan kuma fim ɗin ya daina tsoratarwa da haƙori ya shiga tsoratarwa da wadata. Sai ka gan su suna gwada riguna masu tsada, suna auna kayan maƙulashe, suna kwasar kuɗi a banki suna caca da su alhali kuɗin ba su da sauran amfani a bayan ƙasa, suna ƙawata ɗakin da suka ɓuya a ciki da kujeru da talabijin da ba ta nuna komai. Kwanaki suka zama watanni, hira ta ƙare, kowa ya ƙoshi kuma kowa ya ƙosa. Stephen ya miƙa wa Francine zobe ta ƙi karɓa, don ta lura cewa zaman nan kurkuku ne da aka yi wa ado. A waje kuwa matattu suna ta dafifi a bakin gilashi, kuma bayanin da 'yan wasan suka bayar shi ne cewa wata guntuwar ɗabi'a ce ta rage musu, wurin ya kasance mai muhimmanci a rayuwarsu, shi ya sa ƙafafunsu ke komo da su. Wanda ya taɓa zama gaban malami ana karanta littattafan zuhudu, ana bayanin gafala da ruɗin duniya, ba zai wahala wajen gane abin da ake nufi ba, ko da yake Romero ba wa'azi ya zauna yi ba, mutum ne mai ba'a, yana zolayar mutanen ƙasarsa a zamanin da irin waɗannan kasuwanni suka fara zame musu wurin ziyara na mako-mako.

Ƙarshen zaman ma ba matattu ne suka kawo shi ba. Gungun 'yan fashi ne a kan babura suka fasa ƙofofi suna wawaso, kuma da Stephen ya yi shiru da sun kwashi abin da za su kwasa sun wuce; amma kishin dukiyar da ba tasa ba ya sa ya buɗe musu wuta, aka yi ɗauki-ba-daɗi, aka cije shi, ya mutu ya tashi, sannan guntuwar ɗabi'ar nan ta ja shi, shi da rundunar matattu a bayansa, zuwa bangon ƙarya da suka gina don ɓoye ɗakinsu.

Kada a ɗauka fim ɗin ba shi da aibi. Fuskokin gawarwakin sun fito shuɗi-shuɗi maimakon toka-toka, jinin ya yi ja kamar fenti, tsawonsa ya haura awa biyu, kuma akwai wasan marin matattu da waina mai kirim wanda yaron yau zai kalla ya yi tsaki. Wanda ya ce duk waɗannan da gangan aka yi su, son Romero ne ya rufe masa ido.

Na 2004 kamfanin Universal ne ya fitar da shi, James Gunn ya rubuta, Zack Snyder ya ba da umarni, kuma shi ne babban fim ɗinsa na farko bayan shekarun da ya yi yana shirya tallace-tallace. An kashe kusan dala miliyan 26, aka samu fiye da miliyan 100, har a makonsa na farko ya ture The Passion of the Christ daga matsayi na ɗaya a Amurka. An mai da labarin birnin Milwaukee, amma a wata kasuwa da ta riga ta mutu kusa da Toronto ta Kanada aka ɗauke shi a 2003, shekarar da cutar SARS ta addabi birnin. Mintoci goma na farkonsa, in za a yi adalci, sun fi duk abin da ke cikin na Romero gwaninta ta fuskar sana'a: Ana, ma'aikaciyar jinya, wadda Sarah Polley ta fito a matsayinta, ta komo gida a gajiye ta kwanta, da asuba yarinyar maƙwabta ta shigo ɗakin ta cije mijinta a wuya, kafin ta gama neman agaji mijin ya tashi ya yi kanta, ta fita ta taga ta tarar da unguwa tana ci da wuta. A nan matattu gudu suke yi kamar an sako kura, ɗabi'ar da fim ɗin Ingila 28 Days Later ya yayata a 2002, kuma ba mamaki ta sami karɓuwa wurin mutanen da ba su daɗe da ganin harin da aka kai wa Amurka ranar 11 ga Satumba, 2001 ba, wato bala'in da ke sauka tsakanin karin kumallo da hantsi.

Sai dai gudun yana da farashi. Malamanmu sun san tahamisi, inda mai waƙa zai ɗauki baitin magabaci ya ƙara masa ɗango uku nasa, kamar yadda Ibn Mahib ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi, kuma sharaɗin aikin shi ne asalin baitin ya zauna daram, ƙarin ya yi masa hidima. Snyder da Gunn ba tahamisi suka yi ba. Sunan fim ɗin da kasuwar kawai suka ara. Da yake maƙiyinsu mai hanzari ne, ba a iya fita a yi masa wasa, ba a iya tsayawa a dubi fuskarsa a ga kamanninsa da maƙwabci, don haka kasuwar ta zama ganuwa kurum, kuma da barikin soja ne ko gidan yari aka sa a madadinta da labarin bai canza ba. Watannin ƙoshi da ƙosawa da suka zama zuciyar fim na farko an dunƙule su cikin 'yan mintoci ana kiɗa. Mutum huɗu sun zama fiye da goma sha biyu, yawancinsu ba ka gama riƙe sunansu ba an cinye su. Akwai kuma wani sauyi da ba kowa ke lura da shi ba, alhali yana da nauyi: a wurin Romero duk wanda ya mutu, ta kowace hanya, zai tashi, wato abin yana cikin kowa, a na biyu sai wanda aka ciza, wato cuta ce da ke zuwa daga waje, mai tsabta na iya kuɓuta. Hatta maganar nan cewa idan Jahannama ta cika matattu za su yi yawo a doron ƙasa, wadda Peter ya faɗa a hankali yana tuna kakansa, an ba Ken Foree, ɗan wasan da ya fito a Peter, ya maimaita ta a na biyu, amma a bakin mai wa'azin talabijin da ke ɗora laifin a kan zunuban wasu.

Duk da haka akwai abin da na biyun ya ƙirƙira wanda na yi imani Romero da kansa ba zai raina ba, wato Andy mai kantin bindigogi, wanda ya maƙale shi kaɗai a kan rufi a ƙetaren filin ajiye motoci, yana hira da ɗan sanda Kenneth, wanda Ving Rhames ya fito a matsayinsa, ta hanyar rubutu a allo da madubin hangen nesa, har suna buga dara irin ta Turawa, ga tekun matattu a tsakaninsu. Abotar mutum biyu da ba su taɓa musafaha ba ta fi wani jariri da aka haifa a fim ɗin matacce mai motsi taɓa zuciya, shi kuwa jaririn neman a yi magana ne kawai. Romero, wanda ya rasu a Toronto a 2017, ya yaba farkon na biyun, amma ya ce fim ɗin ya rasa dalilin samuwarsa, ya fi kama da wasan kwamfuta; ya kuma tsaya a kan ra'ayinsa cewa gawa ba ta gudu.

Abin mamaki shi ne yadda kowannensu ya sauya ƙarshensa. Romero ya rubuta tun farko cewa Peter da Francine za su kashe kansu, amma ana cikin aiki ya fasa, ya bar su suka tashi a jirgin da Francine ta nace sai an koya mata tuƙinsa, da ɗan man da ya rage, ba a san inda za su sauka ba. Snyder kuwa ya tsaya ne inda waɗanda suka tsira suka fasa taron matattu da motocin safa masu sulke suka shiga jirgin ruwa a tafkin Michigan. Da aka gwada wa 'yan kallo suka ga an yanke musu labari, sai aka koma aka ɗauki ƙarin hotuna aka cusa tsakanin sunayen ma'aikata, inda abinci da mai suka ƙare, jirgin ya isa wani tsibiri, matattu suka fito daga cikin itatuwa da gudu, na'urar ɗaukar hoton ta faɗi ƙasa.