Yadda ake toshe ɓular jijiya ba tare da an tsaga ciki ba

Mutumin da ya faɗi a kan babur a hanyar Kalgo, ko aka soke shi a ciki, yana iya komawa gida da alamun sauƙi, sannan jini ya ɓalle masa bayan kwanaki ko makonni.

Ɗaya daga cikin dalilan hakan shi ne abin da likitoci ke kira kumburin jijiya na ƙarya.

Idan bangon jijiyar jini ya ɓule, jinin kan taru a gefenta, naman da ke kewaye ne kawai ke riƙe da shi. Wannan jaka ba ta da ƙarfin bangon jijiya, don haka tana iya fashewa ba zato.

Baya ga hatsari, tiyata da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da sinadarin insulin, su ma suna haddasa shi.

An fi samunsa a jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya, musamman wadda ke zuwa saifa. Ba kasafai yake kama babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta ba, amma a can ma yana kisa.

A da, sai an buɗe ciki a ɗaure jijiyar. Yanzu likita kan huda gindin cinya da allura, ya zura siririn bututu cikin jijiya, yana kallon tafiyarsa a na'urar hoto har ya isa wurin.

Daga nan sai ya cusa ƙananan wayoyi nannaɗaɗɗu domin jini ya daskare ya toshe jakar, ko ya sa bututun raga mai rufi da zai rufe ɓular, jini ya ci gaba da wucewa.

Idan jijiyar hanta ce, akan bi ta cikin hantar kanta ko ta jijiyar wuya.

Likitan Suwidin, Sven Seldinger, shi ne ya fito da dabarar zura bututun a 1953, kuma a 1964 Charles Dotter na Amurka ya buɗe jijiyar da ta toshe ta wannan hanya.

Sau da yawa ba a buƙatar sa mara lafiya barci, kuma yakan warke da wuri. Sai dai aikin yana buƙatar ƙwararren likita da kayan aiki masu tsada.

Ga mazauna ƙauyuka irin Wurogauri, abu mafi muhimmanci shi ne gano matsalar a kan lokaci.

Ciwon ciki mai tsanani, aman jini, baƙin bayan-gida ko jiri bayan rauni alamu ne da ke buƙatar a garzaya babban asibiti a Kalgo, Birnin Kebbi ko Sakkwato, a yi sikanin ko hoton CT, kafin jinin ya ƙare.