Da Za a Ba Ka Aikin Tsara Lambar Mota

A ɗauka an kafa sabuwar ƙasa mai jihohi 12, aka ce kai za ka tsara lambar da za a liƙa wa motocinta. Filin da kake da shi kaɗan ne. Galibin ƙasashe ba sa wuce haruffa da alƙaluma bakwai ko takwas, domin wanda mota ta wuce ta gabansa a guje ya iya karantawa, ya kuma riƙe. Duk bayanin da kake so lambar ta ɗauka, daga wannan ɗan fili za a yanka.

Da lissafi ake farawa. Alƙaluma uku, daga 001 zuwa 999, mota 999 kawai za su ɗauka. Ƙara haruffa biyu cikin 26 na Turanci, sai lambobin su kai 675,324. To amma daga nesa harafin I da 1 kamar an tsaga kara suke, haka ma O da sifili. Idan ka cire su, ka yi asarar lamba 99,900, kuma asarar ta biya. Faransa har U ta fitar, saboda kamarsa da V. Bahaushe zai so ya ga Ƙ da Ɗ a jikin mota, sai dai ɗan sandan wata ƙasa K da D zai rubuta.

Inda ake kai ruwa rana shi ne sunan wuri. A tsarin da Najeriya ta koma a 2011, haruffa ukun farko na ƙaramar hukumar da aka yi rajista ne, kamar KMC na birnin Kano. Wannan na taimakon mai ba da shaida, don gari ya fi alƙalami zama a ka. Sai dai iyaka ba ta zama wuri guda. Jihohin Najeriya 12 ne a 1967, suka kai 36 a 1996, kuma a 1991 aka ciri Jigawa daga Kano. Ita ma motar ba ta zama: nawa ne masu lambar Legas da suka tsufa a titunan Kano? A da, lambar Faransa da lambar gunduma take ƙarewa, 75 ta Paris ce, wanda ya ƙaura zuwa wata gunduma kuma sai ya sake lamba. Daga 2009 suka bar wannan wahala, mota na riƙe lamba ɗaya har ta mutu.

Birtaniya kuwa, a tsarin da take bi tun 2001, shekarun mota take sawa: 24 na nufin rajista daga Maris na 2024, 74 daga Satumba. Mai sayen tsohuwar mota ya ji daɗi, amma gurbi biyu sun tafi.

Launi ne ke ba da bayani ba tare da cin fili ba. A Najeriya shuɗin rubutu na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati.

A ganina sabuwar ƙasarmu ta wadatu da harafi ɗaya na jiha, alƙaluma uku, da haruffa uku cikin 24 ɗin da suka rage. Kowace jiha za ta samu lamba 13,810,176. Saura a zaunar da wani ya tace haɗin da zai fito da zagi ko mugun suna, kamar yadda Faransa ta hana SS saboda tarihin 'yan Nazi.