Zafin Sakkwato: Yadda masu AC ke shan wahala tsakanin garanti da masu gyara

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a birnin Sakkwato kan haura digiri 40. A irin wannan lokaci, lalacewar na'urar sanyaya ɗaki, wato AC, babbar damuwa ce, musamman a gidan da ke da tsoho, jariri ko mara lafiya.

A Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin, gidaje a haɗe suke da juna, rufin kwano da bangon siminti kuma kan riƙe zafi har cikin dare. Wanda ya tara kuɗi ya sayi AC da garanti yakan ɗauka ya huta. Ranar da ta tsaya ne yake gane akwai sauran aiki.

Tarkon garanti

A Amurka akwai kamfanonin da magidanci ke biya duk shekara, su turo mai gyara idan wani abu ya lalace a gida. A nan kuwa, abin da aka fi sani shi ne katin garanti da ke zuwa da sabuwar na'ura.

Sharaɗin da aka saba gani a katin shi ne, ma'aikacin da kamfani ya amince da shi kaɗai zai buɗe na'urar. Ana tsakiyar zafi kowa na nemansa, sai a yi ta "gobe ina tafe". Idan maigida ya gaji ya kira mai gyaran unguwa, garanti na iya rushewa.

Haka kuma garanti ba ya cika ɗaukar ɓarnar da rawar wutar lantarki ko kuskuren ɗaurawa suka jawo. Ga shi kuwa wuta mai rauni na cikin abubuwan da ke ƙona kwamfureso.

"Gas ya ƙare"

Wannan ce amsar da aka fi ji daga bakin masu gyara. Sai dai gas ɗin AC ba ya ƙonewa kamar man fetur, zagayawa yake yi cikin bututu a rufe. Idan ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Duk wanda ya ƙara gas bai toshe wurin ba, zai dawo karɓar wani kuɗin.

Gas ɗin ma iri-iri ne. Tsofaffin na'urori na amfani da R22, wanda ake janyewa a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbi kuma R410A ko R32. Cakuɗa su na lalata kwamfureso.

Sau da yawa kuma matsalar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Ƙurar hunturu kan toshe matata da injin waje, wanki kawai ake buƙata. Kafasito, ɗan ƙaramin abu mai araha, idan ya mutu yakan sa a zaci kwamfureso ne ya tafi.

Me doka ta ce?

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibu cikin wata uku da karɓarsu, a gyara, a musanya ko a mayar masa da kuɗinsa. Ana iya kai ƙorafi ta shafin hukumar na intanet, amma sai da shaida.

Abin da ya kamata a yi

A adana rasit da katin garanti mai hatimi. A riƙa aika ƙorafi a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, domin kwanan wata ya zama hujja. Kada a biya kuɗin aiki gaba ɗaya kafin a ga sanyi, kuma a karɓi duk abin da aka cire.

Kafin saye, a tambayi inda cibiyar gyaran kamfanin take, a kuma duba ko na'urar ajin T3 ce, wadda aka ƙera don ƙasashe masu tsananin zafi. A haɗa ta da sitabilaiza.

Lokacin da ya fi dacewa da wanke AC shi ne watan Fabrairu, kafin zafi ya kankama, masu gyara su yi wuyar gani.