Wa Ke Tsegunta wa Wuta-wuta?

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma babu filin da ake bari ya huta, kowane manomi ya san abu ɗaya game da wuta-wuta: gonar da ta gaji take bi. Ta bayan gida, wadda ke samun kashin dabbobi da toka da shara, dawarta kan tsira. Ta nesa, wadda jaki bai kai mata taki ba, ita ce za ka tarar furanni masu ruwan hoda sun rufe ta a ƙarshen damina, dawar ta tsumbure, ganyenta ya ƙone. Me ya haɗa wannan ciyawa da yunwar ƙasa?

Irin wuta-wuta kamar ƙura yake. Tushe ɗaya kan zubar da dubu hamsin ko fiye, kuma yakan kwanta a ƙasa sama da shekara goma. Guzurinsa kaɗan ne, in ya tsiro bai kama saiwar gero ko dawa cikin 'yan kwanaki ba, mutuwa zai yi. Saboda haka ruwan sama kaɗai ba ya tayar da shi. Sai saiwa ta iso dab da shi yake fashewa, ya huda ta, ya yi makonni yana tsotso a ɓoye kafin manomi ya ga ko ganye ɗaya. Ke nan akwai mai kai masa labari.

A 1966 masana a Amurka, ƙarƙashin C. E. Cook, suka tace ruwan da ke fita daga saiwar auduga, suka samo wani sinadari da ke farkar da irin, suka kira shi strigol. Daga baya aka gano danginsa a dawa da masara da wake. An kama ɗan tsegumi, amma sai batun ya ƙara rikicewa. Don me shuka za ta ɓata ƙarfinta wajen kiran abin da zai kashe ta?

Kusan shekara arba'in aka yi babu amsa. A 2005 Kohki Akiyama da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa kiran ba na wuta-wuta ba ne. Akwai wata funfuna mai siraran zare a cikin ƙasa, wadda ke shiga saiwa, ta miƙa zarenta inda saiwar ba ta kaiwa, ta kwaso mata fosfaras, sinadarin nan da ke cikin takin supa, ita kuma shuka ta biya ta da sukari. Ita ake kira. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa idan fosfaras ko naitirojin ya yi ƙaranci, saiwa na ƙara fitar da sinadarin. A nan maganar manomi da ta masani suka haɗu: dawar da ke jin yunwa ce ke ɗaga murya tana neman taimako, wuta-wuta kuwa ta kasa kunne. A ganina wannan ya isa a daina ɗaukar sanin manoman Kano a matsayin camfi, domin sun ga alaƙar tun kafin a san sunan sinadarin.

To me zai hana a toshe shi gaba ɗaya? A 2008 aka gano shuka na amfani da shi a jikinta wajen taƙaita yawan rassa, cire shi zai ɓata tsayuwarta. Sai aka nemi wata hanya. A 2017 ɗakin binciken Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke Jami'ar Purdue, ya bayyana sirrin dawar SRN39 mai jure wuta-wuta. Wata ƙwayar gado mai suna LGS1 ce ta lalace a cikinta, sai ta koma fitar da wani nau'in sinadarin wanda irin wuta-wuta ba ya jinsa sosai.

Ta ɓangaren ciyawar kuma, a 2015 masana a Nagoya da Toronto suka gano furotin ɗin da ke cikin irin wanda ke sansano kiran. Sanin furotin ɗin ya taimaka wajen haɗa sinadarin kira na jabu, SPL7, a 2018, wanda ɗigo kaɗan ke sa irin ya tsiro a gonar da babu komai, ya mutu da yunwa. Auduga, wadda wuta-wutar dawa ba ta iya ci, irin wannan yaudara take yi, haka ma gyaɗa da waken suya idan aka juya shuka da su. An gwada wasu sinadarai masu wannan aiki a gonakin gero da dawa a Burkina Faso, ciyawar ta ragu. Sharaɗin dai shi ne a zuba su ƙasa tana da laima kuma ba a yi shuka ba, alhali manomin Makoɗa, da daminarsa ba ta wuce wata huɗu, ba ya iya barin ruwan fari ya wuce shi.