Bayanin Baƙin Mai Ga Masu Motar Kaya

Ku sani motar da ta ɗauko gero daga Dawanau, in inji ya buga a hanya, hasara biyu ce: kuɗin gyara, da kasuwa ta ci ba kai. Sau da yawa baƙin mai ne sanadi.

To kafin ka tambayi kuɗi, duba rubutun jikin galan. Za ka ga kamar 15W-40 ko 20W-50. Lambar farko mai W tana nuna gudun mai da sanyin asuba. In ta yi ƙasa, ya fi saurin zagaya inji. Ta biyu kaurinsa ne bayan inji ya ɗau zafi. Manyan motocin gas galibi 15W-40 suke sha. Tsohon injin fetur da ya saki, 20W-50 ya fi riƙe shi. Sabbin motoci da yawa kuwa mai tsinke suke so, irin 5W-30, sai a bi littafin mota. Sannan duba harafi bayan API: C na gas ne, S na fetur.

Man da ake aunawa a kwalba bakin titi, a yi hattara, wani tsohon juye ne aka tace. Sayi mai hatimi. In za a yi juye a canza har filta, lokacin hunturu kuma kada a jinkirta saboda ƙura. Araha ba ta ado.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.